Gargaɗi ga 'yan golf: sabuwar sanda a rabin kuɗi daga ƙasar waje jabu ce

Jama'a masu buga golf a Kano, Kaduna, Jos, Abuja da sauran wurare, a yi hattara da shafukan da ke tallar sababbin sanduna a Facebook da Instagram da rangwamen kashi 60 ko 70 cikin 100. Tun da dala ta yi tashin gwauron zabo, kowa na neman inda zai samu sauƙi, su kuma masu wannan sana'a sun san haka. Za ka ga hoton direba, wato sandar bugun nesa, ta TaylorMade ko Callaway wadda ta fito bana, an ja layi a kan dala 600 an rubuta 180, ga kuma agogo a gefe yana ƙirga saura awa biyu a rufe garaɓasar. Gobe in ka dawo, agogon yana nan yana ƙirga awa biyun.

Kafin komai, a san yadda farashin kayan nan yake. Manyan kamfanonin, Titleist da Ping da Callaway da TaylorMade, suna ƙayyade wa dilolinsu mafi ƙarancin kuɗin da za su tallata sabon samfuri. Shi ya sa in ka zaga manyan shagunan Amurka za ka tarar direbar bana kusan kuɗinta ɗaya a ko'ina, wajen dala 600. Fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami, ta Scotty Cameron ta haura 400, saitin ayon, wato sanduna masu kan ƙarfe da lambobi a jere, mai kyau daga 1,000 zuwa sama, dozin ɗin ƙwallon Pro V1 kuwa 50 da 'yan kai. Dilan da ya karya farashi zai rasa dillancinsa. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin kamfanonin sun hana dilolinsu na Amurka aika sababbin sanduna zuwa wata ƙasa. To wanda ya ce zai kawo maka sabuwar Ping har ƙofar gida a Kaduna, a rabin kuɗi, kuɗin aikawa kyauta, daga ina ya samo ta?

Amsar da suke bayarwa ba ta wuce guda uku. Ko su ce rarar masana'anta ce, ko su ce daga kamfanin da ke yi wa masu sunan aiki a Sin aka fito da ita ta bayan fage, ko su ce shagonsu ne zai rufe suna karyar da kaya. Ta biyun ce ta fi kama mutane, domin akwai ƙanshin gaskiya a ciki: da gaske ne yawancin kawunan sanduna na asali a Sin da Taiwan da Biyetnam ake ƙera su. Amma a ƙirge ake yin su, a ƙirge ake fitar da su, wanda bai yi kyau ba kuma lalata shi ake yi. Ƙungiyar yaƙi da jabu da kamfanonin golf suka kafa a Amurka a 2004 ta ƙiyasta ana ƙera sandunan jabu kusan miliyan 2 duk shekara. A 2010 wata kotu a Landan ta ɗaure jagoran wani gungu shekara 4 da wata 3 saboda sayar da irin waɗannan a shafin saye da sayarwa na eBay. Sandar da suke karɓa a kan fam 3 suna sayar da ita har fam 100. Turawan da aka haifa cikin wasan ke nan aka damfara, balle mai saye daga nesa da bai taɓa riƙe ta asalin ba.

Shi shafin kansa, minti goma sun isa a gane shi. Saka sunansa a wurin binciken rajistar shafuka na ICANN ka ga ranar da aka buɗe shi. Shagon da ke cewa ya shekara 20 yana kasuwanci amma shafinsa wata uku ne da haihuwa, ka bar shi. Ɗauki adireshin da suka rubuta ka duba a taswirar Google, sau da yawa gidan wani ne ko fili. Duba yadda kaya suke: dilan gaskiya yakan ce wannan ta ƙare, waccan babu ta 'yan bahago, su kuwa waɗannan komai suna da shi, kowane kwanan fuska, kowane taurin ƙota, har samfurin da aka yi 'yan ɗaruruwa kacal a duniya. Hotunansu na kamfani ne da aka kwafo. Ka nemi a ɗauko maka hoton sandar da za a aiko maka, a ajiye takarda a gefe da sunanka da kwanan wata, a nuno fuska, ƙasan kai, wuya da lambarta. Daga nan yawanci hira ke mutuwa.

Wurin biya shi ne inda ake yanka mutum. Duk wanda ya ce na'urar katinsa ta samu matsala, ka tura ta Western Union, ko kuɗin kirifto na USDT, ko PayPal ta ɓangaren 'yan uwa da abokai, ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne. Waɗannan hanyoyin in kuɗi ya fita ya fita. Akwai ma waɗanda ba jabun za su aiko ba, ba komai a hannunsu. Za su ba ka lambar bibiyar kaya a wani shafin sufuri da su suka ƙirƙira, bayan mako guda saƙo ya zo cewa kaya sun maƙale a kwastam, sai an biya kuɗin inshora ko na tantancewa. Ka biya, wani ya sake fitowa. Kamfanin sufuri na gaskiya kamar DHL ko FedEx, a shafinsa na ainihi ake duba lamba, kuɗin kwastam kuma da takarda yake zuwa, ba a asusun wani mutum ake zuba shi ba.

In kuwa sanda ta riga ta iso hannu, ga abin dubawa, kuma ya fi kyau a aro ta asali a wurin kocin kulob a jera su gefe da gefe. Fara da hanci. Robar mariƙin jabu tana warin sabuwar taya, wari mai ƙarfi da ke cika ɗaki, tambarin da ke kanta kuma sau da yawa ya karkace, bai yi saiti da fuskar sanda ba. Sai fenti: a ta asali launin da ke cikin haruffa bai fita layi, a jabu za ka ga ya malalo ko ya yi ƙuraje, jan ya ɗan koma ruwan goro, haruffan sun fi kauri. Duba baƙin zoben roba da ke tsakanin kai da ƙota. A ta kamfani an goge shi ya daidaita da wuya har farce ba ya tsayawa, a jabu akwai tudu ko busasshen gam ya leƙo. Tambarin ƙota kuma sitika ce da ke ɗagowa in ka sa farce.

Gwajin mayen ƙarfe yana da amfani amma a san iyakarsa. Fuskar direba ta asali titaniyam ce, ko kabon a irin Stealth da TaylorMade ta fito da ita a 2022, kuma dukansu mayen ƙarfe ba ya kama su. In ya manne a tsakiyar fuska, an gama magana. In bai manne ba, wannan bai wanke ta ba, domin akwai jabun da ake yi da gamin alminiyam. Kada a gwada shi a kan ayon ko ƙananan wud, wato ƙannen direba, da yawansu na asali ma ƙarfe ne, zai kama.

Sikelin girki na dijital ya fi ido gaskiya. Kan direba yana kusa da giram 200, sandar gaba ɗaya 300 zuwa 320 in ƙotar ta saba ce. Ƙwallo a dokar wasa ba ya wuce giram 45.93, faɗinsa ba ya gaza milimita 42.67. A saitin ayon, kowace sanda ta fi mai bi mata tsawo da rabin inci, kan kowace kuma ya fi na wadda ta gabace ta nauyi da kusan giram 7, kwanan fuska yana ƙaruwa da digiri 3 zuwa 4. Jera su a jikin bango daga 4 zuwa 9, tsawon ya riƙa sauka kamar matakala. Auna su ɗaya bayan ɗaya, nauyin ya riƙa hawa a jere. A saitin jabu sai ka tarar lamba 7 ta fi lamba 8 nauyi, ko 6 da 7 kwanansu ɗaya, mai su kuma ya yi ta zargin hannunsa don sanduna biyu suna kai masa ƙwallo wuri guda. Wannan ce ɓarnar da ba a gani: mutum ya shekara yana gyara bugunsa a kan kayan da su ne ba daidai ba.

Lambar da ke wuyan sanda kada ta ruɗe ka. Masu jabu suna kwafo lamba guda ta gaskiya su buga ta a kan ɗaruruwan sanduna, don haka ko kamfani ya ce lambar tana cikin rajistarsa, abin da ya tabbatar kawai shi ne akwai wata sanda a duniya mai wannan lamba. A tura musu hotuna tare da lambar, a kuma tambaya ko samfuri da kwana da ƙotar da ke rajista sun dace da abin da ke hannu. Wasu kamfanonin a sanda ɗaya tak cikin saiti suke sa lamba, saboda haka rashinta a kan sauran ba laifi ba ne.

Ƙwallo kuwa sai an sadaukar da ɗaya. Damƙe shi a matsi ka raba shi biyu da zarto. Pro V1 hawa uku ne, Pro V1x hawa huɗu, fatar waje siririya ce mai laushi da farce ke ɗan kamawa. Na jabu hawa biyu ne, dunƙulen roba da fata mai tauri, wani lokaci ma cikin ya karkata gefe guda. Akwai kuma waɗanda aka tsamo daga tafkunan filayen wasa aka sake musu fenti da tambari. In an faɗa maka haka ne ka saya don atisaye babu laifi, zambar ita ce a zuba su a sabon kwali.

Abin da ya sa wannan gargaɗi ya wuce maganar asarar kuɗi shi ne gam. Kai da ƙota gam ne kaɗai ke riƙe su, masu jabu kuma mafi arha suke sawa, ba sa ma kankare bakin ƙota yadda zai kama. Bar irin wannan a but ɗin mota a Kano cikin watan Afrilu, gam ya yi laushi, sannan a je a daki busasshiyar ƙasar rani da ita. Kan ƙarfe mai giram 270 ya fice ya tashi, ga kadi mai ɗaukar jaka a tsaye, ga abokan wasa. Ƙotar kabon ta jabu ita ma a daidai wuya take karyewa, ta bar tsini.

Ko da mai sayarwa na gaskiya ne, a yi lissafi kafin a ce an samu araha. Kamfanonin sufuri ba nauyin sikeli kaɗai suke caji ba, har da girman kwali: tsawo sau faɗi sau tudu a santimita, a raba da 5,000. Kwalin direba ɗaya mai 122 da 15 da 15 ya zama kilo 5 da rabi, alhali sandar ba ta kai rabin kilo ba. Cikakken saiti da jaka a kwali mai 125 da 35 da 35 ya haura kilo 30. Sannan kwastam za su ɗora harajinsu a kan kuɗin kaya haɗe da na sufuri da inshora, ga VAT na kashi 7.5 a Najeriya. Mai sayarwa da ya ce zai rage farashi a takarda don ka tsira daga haraji ba taimakonka ya yi ba: in kaya suka ɓata, abin da aka rubuta za a biya ka, in kwastam suka gano kuma kai ne a hannu. Masu amfani da adireshin 'yan kago a Amurka ko Ingila su ma su sani, kariyar mai saye ta eBay ba ta bin kayan da aka sake turawa daga can zuwa wata ƙasa. In akwai ɗan uwa a can, ya karɓa ya buɗe ya duba kafin a ɗoro.

Sauƙi na gaskiya yana wurin samfurin bara ko na shekara biyu baya, da kuma na hannu daga shagunan da aka sani, irin su Callaway Golf Pre-Owned da 2nd Swing a Amurka, Golfbidder a Ingila, Golf Partner a Japan. Bambancin direbar shekara biyu baya da ta bana a hannun mai buga wasan ƙarshen mako bai taka kara ya karya ba. Na Japan suna da tsabta ƙwarai, sai dai ƙotarsu ta fi laushi da rashin nauyi, S ɗinsu, wato mai tauri, kusan R ne, wato matsakaiciya, na Amurka, kuma a can ana sayar da direbobin da fuskarsu ta wuce ƙa'idar tsalle. A duba sunan a jerin da hukumomin dokar wasan, R&A da USGA, ke fitarwa na waɗanda aka amince da su, kada a kore ka daga gasa.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, ya tattara hujja tun yau: hoton tallar, hirarku, rasit, kwali da takardar da ke jikinsa, hotunan jabun kusa da ta asali, da 'yar takarda daga kocin kulob ko amsar kamfani. In da kati aka biya, a je banki a nemi a janyo kuɗin, wa'adin yawanci kwana 120 ne. PayPal ma yana da nasa wa'adin in ta hanyar sayen kaya aka biya, eBay kuma kwana 30 daga isowar kaya. In dillalin a nan gida yake kuma asusun Najeriya aka tura wa, a sanar da banki a ranar, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Kada a karɓi tayin a mayar maka da kashi 20 ka riƙe kayan, domin da zarar ka rufe ƙorafi ba ya sake buɗuwa. Sandar kuma kada a sayar wa sabon shiga a kulob, kada a ba kadi kyauta. A cire kan, a yanke ƙotar.