My First Ballet a Landan: tatsuniya cikin rawa ga yaran da ba sa iya zaman sa'a uku

Tun 2012 ƙungiyar English National Ballet ta Ingila da makarantarta suke fitar da wani shiri mai suna My First Ballet. Sukan ɗauko ɗaya daga cikin manyan wasannin rawar bale, wato rawar dandamali da ke ba da labari da motsin jiki, su gajarta shi, su sa masa mai ba da labari, su nuna wa yara daga shekara uku zuwa sama tare da iyayensu. Da Sleeping Beauty suka fara, labarin gimbiyar da ta yi barcin shekara ɗari, sannan Cinderella da Coppélia da Swan Lake suka biyo baya. A Landan, gidan wasa na Peacock da ke unguwar Holborn ne masaukin shirin, galibi a hutun Ista lokacin da makarantu ke rufe. Wannan sharhi ya fi karkata ga labarin gimbiyar, don a nan aka fi ganin inda yanka ya yi kyau da inda wuƙa ta zarce.

Asalin wasan ba na yara ba ne. An fara nuna shi a gidan wasa na Mariinsky a Rasha a 1890, kiɗan na Caikofski, tsarin rawar na Marius Petipa, labarin kuma daga tatsuniyar da Bafaranshe Charles Perrault ya wallafa a 1697. Yana da gabatarwa da ɓangare uku, kuma ko an rage shi yadda aka saba a yau, sai mai kallo ya shafe kusan sa'a uku a kujera. Shirin yara ya mayar da shi rawar kusan sa'a ɗaya, da hutu a tsakiya. Ke nan kashi biyu cikin uku ya tafi.

Abin da ya saura shi ne ƙashin bayan labarin: bikin sunan gimbiya Aurora, aljanu masu kawo mata kyauta, muguwar aljana Karabos da aka manta ba a gayyata ba, la'anar da ta yi cewa yarinyar za ta soki yatsa da mazari ta mutu, aljana mai shunayyar riga da ta sassauta la'anar ta koma barci, sai zuwan yarima da biki. Wannan yanka ya yi daidai. Yaro ɗan shekara huɗu yana bin labari ne da tambaya guda, "sai me ya faru?", kuma dogayen raye-rayen gungun 'yan mata da manya ke mutuwa a kansu, a wurinsa labari ne ya tsaya cik. Ɓangaren biki na ƙarshe kuwa kamar don yara aka tsara shi tun asali, domin baƙin da ke zuwa taya murna 'yan wasu tatsuniyoyin ne: kyanwa mai takalmi da farar kyanwa, shuɗin tsuntsu, yarinya mai jan mayafi da kerkeci. Kowace rawa 'yan mintoci ce, kafin yaro ya gaji an canza.

Mai ba da labari shi ne babban makamin shirin, shi ne kuma inda ya fi yin rauni. Rawar bale ba ta da magana, amma tana da nata yaren hannu. Idan mai rawa ya zagaye fuskarsa da hannu, kyau yake nufi. Ya nuna yatsan zobe, aure. Ya gicciya dunƙulallun hannaye ya saukar da su gabansa, mutuwa. Ya jujjuya hannaye bisa kai, a taso a yi rawa. Ya kwantar da kumatu a kan hannu, barci. Babba ma da bai taɓa shiga irin wannan wuri ba, ba zai gane rabinsu ba. Idan mai ba da labari ya faɗi ma'anar daidai lokacin da hannu ke yin alamar, yaro kan kama nan take, karo na biyu ba ya bukatar a gaya masa. Wannan koyarwa ce ta gaske, kuma ita kaɗai ta isa dalilin sayen tikiti.

Matsalar tana zuwa ne idan bayani ya hau kan kiɗa a wurin da rawar ke magana da kanta. Kunnen yaro murya yake bi, ido kuma ya bi kunne, sai ya juya ga mai magana a gefen dandamali ya bar mai rawa tana ta faman juyi ba mai kallonta. Mai tatsuniyar da ya iya ya san inda zai ja baki ya bar yara da zullumi. Lokacin da Aurora ta karɓi mazari, ta soki yatsa, ta fara tangaɗi har ta faɗi, kiɗan ya riga ya faɗi komai, kalma ɗaya ma ta yi yawa.

Masu rawar ɗaliban makarantar ne, wadda aka kafa a 1988, matasa 'yan shekara 16 zuwa 19 da ke kan hanyar zama ƙwararru. Kada a je da tsammanin manyan taurari. Ƙafa tana da tsabta, jeri yana tafiya tare, amma wasa da fuska da iya cika dandamali sai da shekaru suke zuwa. Inda ake gane ɗanyen hannu shi ne rawar furanni, ranar da Aurora ta cika shekara 16 manema huɗu suka zo. Tana tsaye kan tsinin yatsun ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar a lanƙwashe a sama ta baya, ta saki hannun wannan manemi, ta ɗaga hannu sama, ta tsaya ita kaɗai, sannan ta kama hannun na gaba. Sau huɗu a jere.

A nan ne kiɗan da aka naɗa yake nuna illarsa. Shirin ba ya zuwa da tawagar makaɗa, abin da ke rage tsada ya kuma sauƙaƙa yawo da shi gari-gari. Amma jagoran makaɗa mai rai yana kallon mai rawa: idan ta samu tsayuwa ya ja kiɗan ya ba ta fili, idan ƙafarta ta fara karkarwa ya hanzarta ya rufa mata asiri. Na'ura ba ta san wannan ba. Ɗaliba ko dai ta saki hannu kafin ta daidaita don kada kiɗa ya bar ta, ko ta ƙi saki gaba ɗaya. Yara ba za su lura ba, uwar da ta taɓa koyon rawar za ta lura.

Kayan sawa ba a yi musu rowa ba, kuma yara da ido suke fara shiga labari. Siket ɗin nan mai tauri da ke bajewa kamar faifai, wanda ake ɗinkawa da raga-raga hawa goma ko fiye, sunansa a bakin masu sana'ar "tutu", don haka mai zuwa da ɗan Bahaushe ya shirya wa dariya. Takalmin tsayuwa kan yatsu kuma ba katako ba ne a bakinsa kamar yadda ake zato, ƙyalle ne da takarda da gam aka danne hawa-hawa har suka yi tauri. Shi ke yin ƙwas-ƙwas ɗin da na kujerun gaba ke ji idan 'yan mata sun shigo da gudu.

Zaɓen kujera yana da muhimmanci fiye da yadda iyaye ke ɗauka. Peacock na ɗaukar mutum kusan 1,000, da kujerun ƙasa da na bene. Layin farko na ƙasa yana jan hankali, amma ƙaramin yaro da ke nan sai ya ɗaga kai, bakin dandamali kuma ya tare masa ƙafafun masu rawa, alhali rabin aikin a ƙafa yake. Tsakiyar ƙasa ko layukan gaba na bene sun fi, daga can ake ganin zanen da jerin masu rawa ke yi. Mai ɗan shekara uku ya nemi kujerar bakin hanya. Shigowar Karabos tana zuwa da duhu da kiɗa mai ƙarfi, kuma a nan ne kuka ke tashi. Maganinsa a ba yaro labarin a gida tun jiya, har a gaya masa cewa muguwar ba za ta ci nasara ba. A kai shi bayan gida kafin a ɗaga labule, don da hutu layin yakan yi tsawo kuma lokacin kaɗan ne.

Zauren ba shiru yake ba, kuma ba a tsammanin ya yi shiru. Yara na tambaya da ƙarfi, wasu na kwaikwayon rawar a kujera, wata ta zo cikin rigar gimbiya tana juyi a hanya. Wanda ke neman natsuwar daren manya ya jira cikakken wasan.

Duk da an ce daga shekara uku, waɗanda suka fi cin moriyar shirin su ne 'yan huɗu zuwa bakwai. Ɗan uku yakan riƙe rabin farko, bayan hutu hankalinsa ya koma kan kujera mai naɗewa. Yarinyar da ta kai tara, musamman mai zuwa ajin rawa, bayanin zai yi mata yawa, gara a kai ta cikakken wasan da rana ta ji makaɗa da kunnenta. Iyali mai yara biyu, babba da ƙarami, su auna da ƙaramin wajen zaɓen lokaci, su ɗauki nunin safe idan akwai, kafin barcin rana ya fara kama shi.