Allurar barci da "hana tsufa" da na saya ta WhatsApp, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Na ga mutane da yawa nan Maradi sun fara tambaya kan alluran ga da ake talla a WhatsApp da TikTok, Epitalon da DSIP, waɗanda masu saidawa ke ce ma peptide, wato wasu 'yan ƙananan sinadarai dangin furotin. Ni da kuɗina na saya kuma a jikina anka yi su, don haka ba labarin ji-ta-ji-ta ne zan ba ku ba.

Shekarata 54, ina da shago a babbar kasuwa. Tun bara barci ya ƙaurace mini, in kwanta ƙarfe 11, ƙarfe 2 ido ya bushe, ina juyi bisa katifa ina jin haushin karnuka har kiran assalatu, da rana kuma gyangyaɗi a shago har sai yaro ya taɓa ni ya ce Alhaji ga mai saye. Wanda bai taɓa rasa barci ba wallahi bai san wannan azaba ba. Cikin wanga hali wani abokina ya turo mini lambar wani saurayi, shi kuma ya dinga aiko mini vokal, wai DSIP na sa barci mai nauyi irin na jinjiri, Epitalon kuma na gyara ƙwayoyin jiki ya maida tsoho yaro, wai manyan masu kuɗin Amurka shi suke yi. Jikka 45 na biya, kwalba biyu 'yan ƙanana da ba su kai ɗan yatsa ba, da ruwan haɗawa da sirinji irin na masu ciwon suga.

In faɗi gaskiya wajen aikowa bai yi wasa ba, kwana 3 kaya sunka iso tasha. Iyakar yabon da zan yi ke nan. A cikin leda baƙa sunka zo an naɗe da salatif, ba ƙanƙara ba komi, cikin zafin watan Afrilu da ya wuce digiri 40, da na taɓa kwalbar ɗumi gare ta kamar an aje ta a rana. A ciki ɗan farin gari ne manne a ƙasa. Babu takardar bayani irin wadda ake samu cikin kwalin magani na farmasi, babu sunan kamfanin da za ka iya nema, yawan da za a yi ma a vokal ya gaya mini.

Kwana 10 ana yi mini allura a fatar ciki. Dare biyu na farko na yi barci, na yi murna har na gaya ma uwargida an dace. Daga na uku abin ya koma yadda yake, sai ƙarin ciwon kai da safe da wani kumburi ja mai ƙaiƙayi a wurin allura, wanda ya ɗauki sati kafin ya sace. Ga kuran da ke ɗaukewa, firigo ya huce, maganin da aka ce in an haɗa shi da ruwa dole ya zauna cikin sanyi.

Ɗan ƙanwata da ke aikin farmasi ne ya zo gaishe ni ya ga kwalbar, ya juya ta ya ce Kawu ka san mi anka rubuta nan? Da Ingilishi ne da ƙananan baƙaƙe, wai don bincike kawai, ba don jikin mutum ba. Nan jikina ya yi sanyi. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni ma daga baya na bi na karanta. DSIP ɗin wasu masana ne a Basel ta ƙasar Suwizalan sunka samo shi daga jinin zomaye tun shekarun 1970, gwajin da anka yi ga mutane kaɗan ne, sakamakon kuma bai tsaya wuri guda ba. Epitalon kuwa aikin wani masani ne ɗan Rasha, Vladimir Khavinson, a birnin Saint Petersburg, ya kwaikwayo shi daga wani sinadari da ake tatsa a wata 'yar ƙaramar halitta cikin ƙwaƙwalwar shanu, irin wadda ke fitar da melatonin mai daidaita barci. Yawancin binciken a kan ɓeraye ne da ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, kuma mafi yawansa daga wajen shi da mutanensa ya fito. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da ko guda cikinsu a matsayin magani ba. To wannan duk saurayin nan bai faɗa mini ba, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai, don ko da ainihin abin ne a kwalbar ban da hanyar sani, balle tsabtarsa, abu ne da ke shiga cikin jini fa.

Da na tura mishi hoton kumburin sai ya ce Alhaji ai alamar yana aiki ne, in ƙara sayen zagaye na biyu zai rage mini jikka 5. Da na tambaye shi maganar rubutun kwalbar, shiru har yau, ya gani bai amsa ba.

Ɗan ƙanwar tawa ne ya matsa na tahi asibiti. Likita ta auna ni ta ce tansiyo na ya hau, ta tambaye ni shayi nawa nake sha da dare, na ce ataya ce a fada bayan isha'i, na fari da na biyu da na uku ba na tsallake ko guda, ga goro a baki. Ta rubuta mini maganin hawan jini, ta ce shayi ya tsaya daga la'asar, waya kuma kada ta hau gado. Barin fada da dare ya yi mini wuya sosai, yanzu ina zuwa in zauna a yi hira ba na karɓar kofi. Ba zan ce na warke sarai ba, amma ina samun awa 5 zuwa 6 a yawancin darare, abin da ban gani ba cikin kwana 10 na allura in ban da dare biyun farko.

Tauraro ɗaya cikin biyar na ba su, shi ma don saurin aikowa. Sauran rabin kwalbar Epitalon na ba ɗan ƙanwata ya tahi da ita inda suke zubar da lalatattun magunguna. Saurayin kuwa har jiya na ga ya sa sabon talla a status, da hoton wani tsoho Bature yana gudu bakin teku.