Tarantula ko Night of the Lepus: wanne za ka fara kallo?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Tarantula na 1955 da Night of the Lepus na 1972 wanne ya fi dacewa ka fara da shi, tunda dukansu finafinan ƙaramin jari ne a kan dabbar da ta zama ƙatuwa. Ni dai Tarantula zan ce maka, ba tare da wani dogon tunani ba.

Sun yi kama sosai. Labaran biyu a jihar Arizona ta Amurka suke faruwa, kuma masana kimiyya ne masu kyakkyawar niyya suka jawo bala'in. A Tarantula, Farfesa Deemer yana haɗa wani sinadari don ciyar da jama'ar duniya da ke ta ƙaruwa, sai gobara ta tashi a ɗakin gwajinsa, gizo-gizon da ya yi wa allura ya sulale cikin hamada yana ta girma. A Lepus kuwa zomaye ne suka addabi masu kiwon shanu, aka yi wa ɗaya allurar da za ta rage musu haihuwa, ya kuɓuce daga hannun 'yar masanan, daga nan zomaye suka zama ƙattai. Hatta dabarar ɗauka kusan ɗaya ce: dabba mai rai aka sa gaban kyamara, aka sa ta yi kamar ta kai gida girma.

To ina aka rabu? Daraktan Tarantula, Jack Arnold, ya san abin da ke hannunsa. Gizo-gizo tun yana ɗan mitsitsi mutum yake gudunsa, balle a ce ƙafafunsa takwas masu gashi sun leƙo daga bayan tudu, suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Fim ɗin baƙi da fari ne, wannan ya ɓoye inda aka haɗa hoto da hoto. Kuma Arnold bai yi saurin nuna ɓarnar ido da ido ba. Sai ka ga ƙasusuwan shanu an gwaigwaye su tas, ga wani farin ruwa kwance gefensu, wanda daga baya aka gano dafi ne. Nan tsikar jikinka za ta tashi.

Daraktan Lepus, William F. Claxton, bai samu wannan ba, kuma abin yana ba ni takaici, don yana da 'yan wasa na gaske irin su Janet Leigh da DeForest Kelley. Zomayen gida ya saki cikin 'yan ƙananan gine-gine, aka rage gudun hoton don su yi nauyi, aka shafa musu ja a baki, wurin kai hari kuma mutum ne sanye da rigar zomo. Amma fim ɗin mai launi ne, kyamara na matsowa sai ka ga laushin gashi da hancin nan yana motsi, tsoron ya zube. Kamfanin MGM ma bai nuna zomo a hotunan tallan fim ɗin ba.

Wuri ɗaya Lepus ya ci: ƙarshe. An tara motocin 'yan kallon silimar fili, aka kora zomayen da fitilu zuwa titin jirgin ƙasa da aka jona wa lantarki. Na Tarantula gajere ne ƙwarai, jiragen yaƙi suka zo suka ƙone dodon, shi ke nan. Ka lura da jagoran matuƙan, fuskarsa a rufe: fitaccen ɗan wasan nan Clint Eastwood ne, lokacin ko sunansa ba a rubuta a fim ɗin ba.