Tashar WhatsApp a hannun mai shirin fodkas a Tahoua: abin da take iyawa da inda take gazawa

Masu sauraron fodkas, wato shirin murya irin na rediyo da ake ɗorawa a intanet kashi-kashi, ta manhajojinsa a Tahoua an san su: ɗaliban jami'a, ma'aikatan ofis, ƴan jarida, da masu babbar waya da kuɗin forfe. Ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja a bakin tasha, tela da rediyo ke kunne kusa da kekensa tun safe, uwargida da ke jiran muryar ɗanta daga Abijan ko Libiya, su ma masu sauraro ne, har sun fi na farko juriya. Amma ba mai sa su sauke sabuwar manhaja, su buɗe asusu da imel, su koyi neman shiri da sunansa. Ga shi kuma Google ya rufe manhajarsa ta sauraron fodkas, Google Podcasts, a 2024. Abin da ke wayarsu, wanda suka iya ba tare da an koya musu ba, WhatsApp ne. Tambayar ita ce ko tashar WhatsApp, wato shafin da mai shi ke aika saƙo mabiya suna karɓa, za ta iya kai shiri gare su.

Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, ya fara gwada tashoshin a watan Yuni na 2023 a Kolombiya da Singafo, ya buɗe su ga ƙasashe fiye da 150 a Satumba. A Janairun 2024 ne aka ƙara saƙon murya da ƙuri'ar jin ra'ayi, aka kuma yarda mutum 16 su riƙe tasha ɗaya. Buɗewa kyauta ce: ka shiga shafin da sitatus yake, wanda waya mai Faransanci ke kira Actus, ka zaɓi ƙirƙirar tasha, ka sa suna da hoto da ɗan bayani. Ka sa sunan da mutum zai iya faɗa wa abokinsa da baki, da Hausa, ba tare da lambobi da alamomi ba.

Abin yabo na farko shi ne sirri. Mabiyi ba ya ganin lambar mai tasha, mabiya ba sa ganin lambobin juna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mata. Matar da ba za ta taɓa shiga rukunin da baƙin maza za su kwashi lambarta ba, za ta bi tasha hankali kwance. Na biyu, tasha ba ta cika. Rukuni yana tsayawa a mutum 1024, jerin aikawa ga jama'a a mutum 256, shi ma sai waɗanda suka adana lambarka ne saƙon ke kai wa. Na uku, babu hayaniya: ba mai cusa tallar atamfa ko gaisuwar Juma'a tsakanin kashi na huɗu da na biyar. Kuma duk saƙon da aka tura daga tasha zuwa wata hira yana tafiya da sunan tashar, wanda ya ji daɗinsa sai ya danna ya biyo sawu. A ganina wannan ne ya fi komai daraja a cikinta, domin sabon mai sauraro a nan ba bincike ke kawo shi ba, ɗan'uwansa ne ke tura masa.

Inda masu shiri suka fi faɗuwa shi ne ƙararrawa. Duk wanda ya bi tasha, sanarwarta a kashe take zuwa masa. Kai kana ganin mabiya ɗari biyar kana murna, alhali mafi yawansu wayarsu ba ta ko motsa ba lokacin da ka saka sabon kashi, kuma tashar ba ta cikin jerin hirarrakin da suke dubawa kullum. Maganin sai da baki: a ƙarshen kowane kashi ka ce, «Jama'a, ku buɗe tashar, ku taɓa hoton ƙararrawa da ke sama.» Kada ka rubuta kawai, da yawa daga waɗanda kake nema ba boko suke karantawa ba. Ka kuma sa guntun shirin a sitatus ɗinka, ka roƙi abokan aiki su yi haka, domin sitatus kowa na leƙawa.

Sai nauyin fayil, kuma a nan lissafi ne zalla. MP3 mai 128 kbps, wato ma'aunin nauyin sauti a kowace daƙiƙa, yana cin kusan mega ɗaya a minti, shirin minti 30 ya kama mega 29 ke nan. Mai sayen forfe na yini ba zai ba ka mega 29 ba alhali bai san ka ba. Magana ba kiɗa ba ce, ba ta bukatar wannan nauyin. A Audacity, manhajar tace sauti wadda kyauta ce, ka mai da sautin layi ɗaya maimakon biyu, ka fitar da shi a 64 kbps, minti 30 ya dawo mega 14. A 32 kbps ya dawo mega 7, muryar ta ɗan dushe amma ana jin kowace kalma. Ka ɗaga ƙarfin sautin ya daidaita daga farko zuwa ƙarshe, wajen −16 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS kamar yadda Apple ke shawarta, saboda a fada za a saurare shi, ta ƙaramin lasifikar waya, ana dafa shayi babura na wucewa. Baƙon da muryarsa ta yi ƙasa da ta mai gabatarwa ya ɓace ke nan.

Ko da fayil ya yi sauƙi, kada a jefa wa baƙo rabin awa. Ka yanka shirin gida-gida, minti biyar zuwa bakwai, kowane da batunsa guda: farashin albasa a Galmi, takardun da matafiyi ke bukata, yadda ake gane takin da aka gauraya. Daƙiƙa goma na farko su faɗi batun da sunan shirin, a bar doguwar gaisuwa da kiɗan buɗewa. Ka maimaita sunan a ƙarshe, don idan fayil ya yi tafiya daga waya zuwa waya muryar ce kaɗai shaidarka.

Hanya biyu ce ta tabbata wajen sakawa. Ko ka ɗauki murya kai tsaye a tashar, ka ja makirfo sama ya kulle, ka dakata inda kake so, ka saurara kafin ka aika. Ka sa wayar a yanayin jirgi tukuna don kada kira ya katse ka, ka kashe fanka, ka shiga ɗaki mai labule da katifa. Ko kuma ka ɗora sautin da ka tace a kan hoto guda ka fitar da shi a matsayin bidiyo mara nauyi. Ta farko ta fi kusa da zuciyar mai sauraro, ta biyu ta fi tsabta.

Akwai tarko a saƙon murya. WhatsApp yana adana shi a wani tsarin fayil da ake kira Opus, kuma ƙananan wayoyi masu madannai da rediyoyin da ke cin katin memori da yawa ba sa karanta shi. Wanda ya tura wa mahaifinsa a ƙauye ta bulutut, sai tsohon ya ga fayil ya ƙi buɗuwa. Don haka kowane kashi ya kasance yana da kwafin MP3 mai suna bayyananne da lamba a gaba, 01, 02, 03, don ya jeru daidai a kati. Ka aika shi a rukuni a matsayin takarda, ka kai wa masu cajin waya da tura waƙoƙi a kasuwa, su zuba wa duk wanda ya kawo kati. Ka tuna kuma turawa tana da iyaka: hira biyar a lokaci guda, saƙon da ya sha yawo kuwa hira ɗaya tak.

Babban aibinta shi ne mantuwa. WhatsApp yana riƙe saƙonnin tasha kwana 30 ne kawai. Wanda ya zo a wata na uku ba zai tarar da kashi na ɗaya ba. Rumfar bakin hanya ce, ba rumbu ba. Dole shirin ya sami gida a wani wuri mai ba da adireshin RSS, wato adireshin da manhajojin fodkas ke bi su ɗauko shiri, kamar Spotify for Creators da ke karɓar shiri kyauta, ko kuma a ɗora shi a YouTube, a sa mahaɗin a bayanin tashar. Haka kuma ba za ka san a minti na nawa mai sauraro ya gaji ya kashe ba, kuma ba ya iya mayar maka da saƙon murya a cikin tashar. Shirin da ba ya jin muryar masu sauraronsa ba ya daɗewa a ƙasar da aka saba kiran gidan rediyo a gai da dangi. Ka ware lamba ta musamman da za a riƙa aiko saƙon murya, ka nemi izinin mai shi, ka sa biyu ko uku a kashi na gaba. Wanda ya ji muryarsa zai tura wa duk zuriyarsu har Abijan.

Mai shirin hira doguwa ta awa guda ba zai sami biyan bukata a tashar ba, sai dai ya yi talla da ita. Mai gajeren shiri na noma, kasuwa, lafiya ko tarihin Adar, shi ta dace da shi, muddin ya haɗa ta da rukuni da katin memori. Wanda kuma yake son ƙauyukan da intanet ba ya kaiwa, ya ɗauki MP3 ɗinsa ya je gidan rediyon al'umma mafi kusa ya nemi fili. Ta irin waɗannan gidajen ne ɗakin shirya labaran rediyo na Studio Kalangou ke isar da shirye-shiryensa daga Yamai tun 2016, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Faransanci.