Na sa wa tsohuwar Land Rover sifirin farabolik: ga yadda ta koma

Duk wanda zai tada tsohuwar Land Rover Series III, shawarata ita ce ya ajiye kuɗin fenti tukuna, ya fara leƙa ƙarƙashinta. Tawa mai gajeren jiki ce, wadda ake kira 88 saboda inci 88 ne tsakanin tayar gaba da ta baya, da injin fetur mai lita 2.25. A zaune na saye ta, a bayan wani gareji, ta yi shekaru ba ta motsa ba. A cikin duk abin da na kashe wa kuɗi a kanta, babu wanda ya biya ni kamar sifirin farabolik, wato sifiri mai falle kaɗan masu kauri a tsakiya da ake sawa a madadin na asali, kuma a kansa wannan sharhi yake.

Series III ƙirar Solihull ce ta Ingila, an yi ta daga 1971 zuwa 1985. Manyanmu sun san ta sarai, don ita ce motar 'yan sanda da malaman gona da likitocin dabbobi a lokacin da kwalta ba ta kai ƙauyuka ba. Jikinta alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma shasinta ƙarfe ne, kuma a nan mai saye yake ruɗuwa. Bushewar iskar Arewa ta taimaki tawa, sai dai laka ta daɗe a maƙale a inda ake rataya sifirin baya, ta ci wurin. Sai da mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe kafin na yi odar komai. Sabon sifiri a kan ruɓaɓɓen marataya asarar kuɗi ce, kuma ganganci ne da rai.

Sifirinta na asali falle-fallen ƙarfe ne da aka jera aka ɗaure, tara a gaba, goma sha ɗaya a baya. An yi su ne don su riƙa zamewa a kan juna idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami. To ƙura da tsatsa na shekaru sun shiga tsakaninsu sun manne su. Da bakanike ya sa jak ya ɗaga shasin, aksil ɗin bai ko sauka ba, tare suka tashi. Ya buga sifirin da guduma, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai ya zama gungumen ƙarfe, ba abin da yake yi sai riƙe taya." Gaskiyarsa. Kafin canjin, duk tsakuwar da na taka sai na ji ta a gadon baya.

Farabolik daban yake. Falle biyu ne kawai a gaba, uku a baya, kowane falle yana da kauri a tsakiya, yana siranta zuwa bakinsa. Ba sa taɓa juna sai a tsakiya da can ƙarshe, har yatsa kana iya zurawa a tsakaninsu, don haka babu gogayya, babu kuma inda ƙura za ta zauna ta manne su. Wannan rashin gogayyar kuwa yana da sharaɗi. A tsohon sifiri, gogayyar ce take kashe wani ɓangare na tsallen mota, yanzu duk aikin ya koma kan shokazoba. Dole a sayi shokazobar da aka yi domin farabolik, mai tsawon miƙewa da ƙarfin riƙo. Na ga wanda ya bar tsofaffin nasa don ragin kuɗi, motar tana ta rausaya bayan kowane rami, ya koma yana zagin sifirin alhali ba laifinsa ba ne.

Ɗaurawar ba ta da wata dabara mai zurfi, wahalarta a cire tsoho take. Notocin marataya sun kama da bushin, wato zoben roba da ƙarfe da noti ke ratsawa, wasu sai da aka yanke su. Bushin da ke cikin shasi kuwa sai da aka ƙona robarsa, aka zura zarto aka tsaga zoben ƙarfen da ya rage, sannan ya fito. Ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifiri da aksil su ma sababbi ake sawa, gajeru, tunda kaurin sifirin ya ragu. Abin da na fi son masu gyara su riƙe shi ne kada a ƙulle notocin marataya mota tana kan jak. A sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, a girgiza ta, sannan a ƙulle. In aka ƙulle tana sama, robar bushin a murɗe za ta zauna, ba za ta daɗe ba. A kuma duba tiyon birki, domin motar ta ɗan ƙara tsayi kuma aksil yana sauka fiye da da. Tiyo gajere zai iya tsinkewa a inda ba a so.

A kan kwalta, gaskiya bambancin bai kai yadda masu talla suke kururutawa ba. Ta yi laushi, ƙarar kwaramniyar ƙofofi ta ragu, shi ke nan. A hanyar burji mai gargada ne na san na yi ciniki. Da, sitiyari fizgewa yake daga hannu, bayan motar yana tsalle gefe, dole ka rage gudu kamar mai rakiyar amarya. Yanzu tayoyin suna bin ƙasa, jikin motar yana zaune, mutum yana iya hira da na kusa da shi.

Inda ya fi burge ni shi ne wani kwari a hanyar gonarmu, wanda ruwan damina yake zaizaye shi a karkace. Series III ba ta da abin da ke kulle tayoyin aksil ɗaya su juya tare. Ko ka danna ƙaramin liba mai rawayen kai don tayoyi huɗu su ja, ko ka ja mai jan kai zuwa ƙaramar giya, muddin taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suka tashi sama, su ne za su yi ta juyawa a banza, mota ta tsaya cak. Haka take yi mini a wannan kwarin da tsohon sifiri, sai an cusa duwatsu. Da sabon, na sauka na duba da idona: tayar baya ta hagu ta shige can cikin mazauninta, ta dama ta miƙe ƙasa tana taɓa gindin ramin, duka huɗun suna kan ƙasa. Na koma na sa giya ta ɗaya, ta haye a hankali ba tare da na taka mai sosai ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin saye ga mai shiga daji.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. A kwana tana kwantawa fiye da da, kuma sai ka saba kafin hankalinka ya kwanta. Idan na loda mata buhunan taki, bayanta yana zama ƙasa sosai. Wanda motarsa ta kaya ce, musamman doguwar nan 109, ya nemi mai falle huɗu a baya ko ya zauna a kan na asali. Fentin da ya zo a kan nawa siriri ne, damina ta fara ɓare shi, sai da na goge na sake shafawa. Bushin da mai sayarwar ya haɗo da su ma ba su yi ƙarko ba, na canza su da wasu. Sannan laushin yana jan mutum ya ƙara gudu, alhali birkin bai canza ba, irin na da ne mai ganga a duk tayoyi huɗu, kuma yana buƙatar tazara.

Masu son komai ya zauna yadda ya fito daga masana'anta suna ganin wannan canji ɓata mota ne. Ina girmama ra'ayinsu, amma ban bi shi ba. Kamfanin Santana na Sifaniya, wanda ya ƙera Land Rover da lasisi, ya sa wa nasa farabolik tun shekarun 1980, kuma ita kanta Land Rover ta bar sifirin falle ta koma na naɗi da ta fito da sabon samfurinta mai suna 110 a 1983. Sa farabolik ba ya buƙatar a huda shasi ko a yanke shi, duk ranar da ka so kana iya mayar da tsohon. Nawa na wanke su na ajiye.

Maganar kuɗi ita ce mai nauyi. Ƙarfe ne mai nauyi da ake kawowa daga waje, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, ga canji. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna an fi dacewa da tsofaffin na asali. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya kwance nasa falle-falle, a kankare tsatsar, a shafa giris, a canza wanda ya tsage, a mayar. Zai samu sauƙi na gaske, ko da yake ƙurar rani za ta sake shiga, aikin kuma zai dawo. Wanda ya sa farabolik kuwa, ya koma gareji bayan 'yan tafiye-tafiyen farko a sake ɗaure notocin aksil, domin suna saki idan sifirin ya zauna.