Wane Littafi Mai Nazarin Ƙagaggun Labarai Zai Fara Saya a Legas?

Ɗalibin da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, wanda ya ɗauki darasin Hausa a jarrabawar WAEC ko NECO, ba makawa zai ci karo da kalmomi irin su jigo da salo da taurari da zubi da tsari. Tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce wane littafi za a fara saya, tunda aljihu ba ya ɗaukar duka, kuma littattafan Hausa ba su cika samuwa a shagunan Ikko ba.

A ganina, kuɗin farko ya kamata ya tafi ga littafin da ke feɗe labari a gaban mai karatu, kamar Jagoran Nazarin Ƙagaggun Labarai na Isa Mukhtar. Dalilina shi ne, haddace cewa jigo shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa ba ya ɗaukar minti biyu, amma yaro ba zai iya amsa tambaya a kan warwarar jigo ba sai ya ga yadda ake bin labari daki-daki ana tsamo hujja daga cikinsa. Haka ma zubi da tsari, wato yadda aka jera aukuwar abubuwa aka ƙulla su har zuwa warwarewa. Wanda aka nuna wa yadda ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe take jan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, daga wannan gari zuwa wancan, ya fahimci aikin babban tauraro, wato mutumin da labarin yake tafiya a kansa, fiye da wanda ya kwana yana bitar ma'anar kalmar.

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a Ibadan a 1990, aikinsa daban ne. Yana haɗa kalmar Ingilishi da takwararta ta Hausa ba tare da dogon bayani ba, don haka malami da mai fassara ne suka fi cin moriyarsa. Ɗan sakandare zai iya jinkirta sayensa.

Akwai kuma na Turanci, musamman A Glossary of Literary Terms na M. H. Abrams, wanda aka fara bugawa a 1957. Irinsa ne ya fi sauƙin samu a nan, ko sabo a manyan shaguna ko na hannu wajen masu baza littattafai a Yaba da Ojuelegba. Bayaninsa yana da zurfi ƙwarai, kuma mai shirin karanta adabin Ingilishi a Jami'ar Legas da ke Akoka zai daɗe yana amfana da shi. Sai dai misalansa na adabin Ingila da Amurka ne, ba kuma zai ba ɗalibi kalmomin da mai duba takardar Hausa yake jiran gani ba, irin su kamance da siffantawa da mutuntawa.

Kafin a biya kuɗi, a duba manhajar shekarar, domin littattafan da ake nazari a jarrabawa suna canzawa. A buɗe tsakiyar littafin a tabbatar shafukan sun cika, kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun fito sarai, domin bugun jabu ya yi yawa a kasuwa. Idan ba a samu na Hausar a Legas ba, a rubuta wa ɗan'uwa a Kano ko Zariya cikakken suna da sunan mawallafi, ya saya ya ba direban da ke sauke kaya a kasuwar Mile 12.