Kafin Ka Zaɓi Jarida, Duba Wa Ke Ciyar Da Ita

Zaɓi ya yi wa mai neman labari yawa. Ga jaridar da sai ka biya kuɗin wata kafin ta buɗe maka shafi, ga ta kyauta mai cike da talla, ga gidajen rediyo da talabijin na gwamnatoci, ga masu rayuwa da gudummawa. Mutane kan ruɗu da kyan manhaja ko yawan labarai. Tambayar farko ita ce: wa ke biyan albashin 'yan jaridar? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma kowace kafa tana da nata kuturun.

Ta kyauta, kuɗinta daga yawan masu leƙa shafi yake fitowa. Shi ya sa kanun labari ke kumbura fiye da abin da ke ciki, shi ya sa ake maimaita labari guda sau uku da kanu daban-daban. Ba duka ne na yarwa ba, domin da yawa suna sayen labari daga kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AP da AFP. Inda gizo ke saƙa shi ne tallan da aka yi wa shigar labari. A 2013 mujallar The Atlantic ta saka wani rubutu na yabon cocin Scientology da aka biya ta kuɗinsa; da surutu ya yi yawa ta janye shi ta nemi afuwa. Idan ka ga rubutu babu sunan marubuci, babu ko mutum ɗaya mai suka, sunan kamfani guda kuma yana ta dawowa a kowane sakin layi, to talla kake karantawa.

Jaridar biya ta fi iya yin binciken ƙwaƙwaf, saboda tana da kuɗin riƙe ɗan jarida wata shida a kan labari ɗaya, da editoci da lauyoyin da za su tace shi. New York Times ta koma wannan tsari a intanet a 2011. Sai dai a nan kuturun biyu ne: mai jaridar da masu biya. Attajirin nan Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya sayi Washington Post a 2013 kan dala miliyan 250. A watan Oktoban 2024 jaridar ta fasa bayyana ɗan takarar da take goya wa baya a zaɓen shugaban Amurka, cikin 'yan kwanaki sama da mutum 200,000 suka soke rajistarsu. Ka ga matsin mai gida da na abokan ciniki a lokaci guda. Tsoron ɓata wa masu kallo rai ma yana iya kai kafa ta baro. A 2023 tashar talabijin ta Fox News ta biya Dominion, kamfanin na'urorin zaɓe, dala miliyan 787.5 don sasanta ƙarar ɓata suna kan zargin maguɗin zaɓen 2020, bayan takardun kotu sun nuna wasu manyan ma'aikatanta ba su yarda da zargin ba a bayan fage.

Kafofin gwamnatoci ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. BBC na samun mafi yawan kuɗinta daga kuɗin lasisin talabijin da gidaje ke biya a Birtaniya, sashenta na duniya kuma yana samun tallafin ma'aikatar harkokin waje. DW daga kasafin gwamnatin Jamus take ci, Al Jazeera kuma daga Qatar. Amfaninsu a fili yake: suna da wakilai a wuraren da babu mai talla da zai biya kuɗin zuwa. Rauninsu shi ne mai famfo na iya rufe shi. Muryar Amurka tana da dokar 1976 da ta wajabta mata gaskiya da adalci, amma umarnin shugaban ƙasa na watan Maris na 2025 ya durƙusar da ayyukanta. Gwajin irin waɗannan mai sauƙi ne: duba yadda suke ba da labarin ƙasar da ke biyansu ranar da ta yi abin kunya.

Sai masu gidauniya. The Guardian tana hannun gidauniyar Scott Trust tun 1936, ProPublica kuma da gudummawa take aiki. Nemi jerin masu ba su kuɗi. Wadda ta ɓoye shi, ka bar ta. Ka sani kuma irin su ProPublica ba za su ba ka labaran yau da kullum ba.

Duk wanda ka karkata gare shi, gwada shi mako biyu kafin ka saka kuɗi. Ɗauki labarai goma masu zafi. A kowanne ƙirga majiyoyin da aka ambaci sunansu. Sakaya suna halal ne a aikin jarida, amma a faɗa maka dalili da matsayin mutumin; "wata majiya mai tushe" ita kaɗai ba ta isa riƙe babban zargi ba. Duba ko an ji ta bakin wanda ake zargi, ko aƙalla an ce yaushe aka neme shi. Duba ko an raba labari da sharhi. Sannan rubuta sunan mai jaridar a gurbin bincike na shafinta. Idan sakamakon duk yabo ne da buɗe taro, ka samu amsarka.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi a wurinmu shi ne shafin gyara. Babu kafar da ba ta kuskure. Da aka gano Jayson Blair, ɗan jaridar New York Times, yana ƙirƙirar labarai a 2003, jaridar da kanta ta fallasa abin a shafin farko, manyan editocinta biyu suka sauka. Mujallar Der Spiegel ta Jamus ita ma ta fallasa ɗan jaridarta Claas Relotius a 2018. Jaridar News of the World kuwa ta daɗe tana cewa laifin ɗan jarida ɗaya ne a badaƙalar satar sauraron saƙonnin waya, har aka rufe ta a 2011. Gyaran kirki yana ɗauke da kwanan wata, ya faɗi abin da aka rubuta da farko da abin da yake daidai. Kafar da ke sauya labari a ɓoye, ko ta goge shi kamar ba a yi ba, ba ta cancanci kuɗinka ba.

Idan ƙarfinka na guda ɗaya ne, biya wadda ke da wakilai a fannin da ya shafe ka, ka haɗa ta da wata ta kyauta da ba aljihu ɗaya ke ciyar da su ba. Kafin ka saka lambar katinka, karanta sharaɗin sabuntawa: rangwamen farko yakan ƙare, a ci gaba da cirar cikakken kuɗi kai tsaye. Rubuta ranar ƙarewarsa, ka kuma tabbatar ana iya sokewa daga cikin shafin ba sai an kira waya ba.